Darasi Na 12: Tsaron Rumbu Da Kayan Ajiya Daga Hadari Da Ruwa

Darasinmu na yau a kan rumbu ne, da ɗakin ajiya na gida, da sito irin na kasuwa. Ku karanta shi a hankali, kashi kashi. Wanda ya iya ya taimaki wanda bai iya ba tukuna. In kun gama, akwai tambayoyi da lissafi a ƙarshe.

1. Abin Da Ke Cikin Rumbu

Manomi yakan yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, ya yi girbi, ya ɗaure dammuna, ya kawo gida. Wahalar wata shida ke nan, ko fiye. Duk wannan wahala a cikin rumbu ake zuba ta. A ciki ne abincin iyali yake, da irin shukar baɗi, da abin da za a sayar a yi wa yara sutura, da abin da aka tanada domin aure ko suna ko rashin lafiya.

To, ruwan dare ɗaya yana iya ɓata wannan duka. Kuma ɓarnar takan zo a mugun lokaci, watau tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya yi tsada a kasuwa, na gona kuwa bai nuna ba. Mutumin da rumbunsa ya jiƙe a watan Agusta sai ya ci bashi, ko ya sayar da akuya, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani.

Abin da wannan darasi ke koya mana shi ne: da rani ake tsare rumbu. In hadari ya riga ya taso, lokacin gyara ya wuce. Mutanen da sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Ƙasarmu Da Ruwanta

Mu mutanen Dangora da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano muke. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin jihar, wajen su Dambatta. Damina takan riga sauka a wurinmu, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba, balle wajen duwatsun Riruwai da dajin Falgore. Wannan albarka ce, domin ita ta sa muke samun masara da shinkafa da dawa da rake. Amma kuma ita ta sa tilas mu fi mutanen arewa kula da ajiya.

Abubuwa huɗu ne ke ɓata mana ajiya cikin shekara.

Na ɗaya, hadarin farkon damina. Yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi da ƙura, wani lokaci har da ƙanƙara. Shi ne mai yaye jinka da kwano.

Na biyu, marka ta watan Agusta. Ruwa yakan kwana yana zuba, ƙasa ta ƙoshi, rafi ya cika ya fita daga hanyarsa. Ita ce mai cin gindin gini da kawo ambaliya.

Na uku, ruwan ƙarshen damina, wanda kan sauka bayan an fara girbi, ya sami masara ko gyaɗa a shanye.

Na huɗu, iskar hunturu. Ba ta zuwa da ruwa, amma takan tsage yaɓe, ta kuma ɗauki tartsatsin wuta ta kai shi kan jinka.

Dattawanmu ba su manta da watan Agusta na shekarar 1988 ba. A wannan wata aka yi ruwa mai yawan gaske, har madatsar ruwa ta Bagauda, a ƙasar Bebeji, ta ɓalle. Ruwa ya ci gonaki da gidaje da dukiya, an kuma rasa rayuka. A shekarar 2012 da ta 2022 an yi ambaliya mai girma a jihohi da yawa na Nijeriya. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga birnin Maiduguri da dare. Mu da ke zaune kusa da Kogin Kano da babbar madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya kamata mu san halin ruwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

3. Misalin Wa Da Ƙane

Ga wani misali. Wa da ƙane suka raba gandu, kowa ya gina rumbunsa. Wan ya gina nasa a kan tudu bayan gida, ya ɗora shi bisa manyan duwatsu. Ƙanen ya gina nasa kusa da kududdufi, domin a can ƙasar gini ta fi sauƙin ɗiba. Da kaka kowannensu ya zuba dami 60 na dawa.

Da watan Maris ya kama, sai wan ya ce, "Ƙanena, na ga jinkarka ta ruɓe ta wajen gabas. Zo mu tara samari mu sāke ta tare da tawa."

Ƙanen ya ce, "Haba Yaya, ai da sauran lokaci. Bari in je cin rani in dawo."

Kafin ya dawo, hadarin farko ya taso da dare, ya ɗauke jinkar ya jefar a gonar maƙwabci. Ruwa ya zuba cikin rumbu. Da gari ya waye matarsa ta rufe bakin da tabarma da leda, amma ba wanda ya fitar da dawar ya shanya. Sai ta yi zafi a ciki, ta yi fumfuna, wadansu zangarniyoyi har suka tsiro. Da Agusta ya zo kududdufi ya cika, ruwa ya kwanta a gindin rumbun kwana uku, ya zauna ta gefe guda. Abin da aka iya tsamowa mai kyau dami 25 ne kaɗai.

Ƙanen ya je wurin wansa ya sunkuyar da kai. Wan ya ce, "Ba zan bar 'ya'yanka da yunwa ba, ɗebi abin da za ku ci. Amma bana tare za mu zaɓi wurin sabon rumbu."

Ku lura, ruwan da ya sauka a kan rumbun wan shi ne ya sauka a kan na ƙanen. Bambancinsu wuri ne, da aikin yini biyu da rani.

4. Zaɓen Wuri

Kafin ka gina rumbu ko ɗakin ajiya, tsaya ka duba ƙasa. Lokacin dubawa mafi kyau shi ne da damina, bayan an ɗauke ruwa mai yawa. Fita ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Kafa turke a wurin da ya fara bushewa. Nan ne wurin ginin ka in rani ya yi.

Kada ka gina a kwari, ko a bakin fadama, ko kusa da kududdufi. Kada ka gina a hanyar rariyar gidanka ko ta maƙwabcinka. Tambayi tsofaffin gari inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun da aka yi ambaliya, ka yi ginin ka sama da nan. Rafi yakan yi shekara ashirin bai bi wata hanya ba, sa'an nan wata rana ya komo mata.

Kada ka gina ƙarƙashin babban itace. Reshe yakan karye da iska ya fāɗa kan jinka, ɓera kuma yakan bi reshe ya sauka. Amma in akwai jerin itatuwa daga nesa kaɗan ta wajen gabas, kamar darbejiya ko mangwaro, wannan yana da amfani, domin suna rage ƙarfin iska.

Bar tazara tsakanin rumbu da madafa, da tsakanin rumbu da rumbu. Ka nome ciyawa kewaye da shi, ka kawar da tarin kara da harawa. Wutar da iskar hunturu ta ɗauko, in ba ta sami abin bi ba, sai ta mutu a hanya.

5. Gindin Rumbu

Ruwa yana shiga ajiya ta hanya uku: ta ƙasa, ta jiki, ta sama. Bari mu fara da ƙasa.

Ƙasa tana tsotson ruwa kamar yadda lagwani ke tsotson kananzir. Ko da ba a yi ambaliya ba, danshi yana hawa daga ƙasa ya shiga gini. Saboda haka ne kakanninmu ba su taɓa zaunar da rumbu a ƙasa ba. Sukan ɗora shi bisa duwatsu, su bar sarari a ƙarƙashi.

Ka yi tudu da tsakuwa ko marmara, ka daɓe shi sosai. Sa'an nan ka jera duwatsu masu ƙarfi, ka shimfiɗa itace mai ƙwari wanda gara ba ta so. Gindin rumbu ya tashi daga ƙasa kamu guda, watau kamar ƙafa ɗaya da rabi, ko fiye. Bar ƙarƙashin a buɗe domin iska ta riƙa wucewa. Kaji ma sukan shiga su cinye gara. Kada ka maishe shi wurin zuba tarkace.

Haƙa 'yar hanyar ruwa kewaye da tudun, ka kai bakinta inda ƙasa ta gangara. Kowace shekara kafin ruwan farko ka yashe ta. Ka yashe rariyar gida da kwatar unguwa kuma. Sau da yawa ruwan da ke rushe ɗaki na cikin gida ne, wanda ya rasa hanyar fita domin leda da shara sun toshe rariya.

6. Jikin Rumbu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ma ruwa da ƙwari. Bayan hunturu zagaya rumbunka ka duba. Duk tsagar da ka gani, ka faɗaɗa ta kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka cika ta da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bari ta kwana. Sa'an nan ka yi sabon yaɓe.

Magina na dā sukan yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ba ya saurin cinta. Ɗorawa kuwa muna da ita a ƙasarmu. Wanda ya sami halin siminti yana iya shafe gindin bango da shi, amma ya riƙa dubawa, domin siminti yakan rabu da ginin ƙasa, ruwa ya shiga bayansa ba a sani ba.

Ɓangaren gabas ya fi shan dūkan ruwa, tun da daga can hadari ke zuwa. Ka ƙara masa kaurin yaɓe. Ka kuma jingina masa zana ta tare feshi. In ɗaki ne kake ginawa, kada ƙofa ko taga ta fuskanci gabas in da hali. Ka yi dokin ƙofa mai tsawo, yadda ruwan tsakar gida ba zai kwararo ciki ba.

7. Jinka Da Kwano

Jinka mai kyau ita ce mai tsini, mai kauri, wadda ruwa ke gangarowa da sauri. Bakinta ya zarce jikin rumbu da kamu guda, domin ruwan ya zuba nesa da bango. Duba tsaiko ko gara ta ci shi. Duba ƙoƙuwa, domin nan ne ruwa ya fi fara shiga. Shiga ciki da tsakar rana ka ɗaga kai. Inda ka ga haske, nan ruwa zai bi.

Kada ka ɗora jinka ka bar ta haka nan. Ɗaure ta da igiya mai ƙarfi ko waya ta kusurwa huɗu, ka ɗaure ƙarshen a turaku da aka kafa sosai a ƙasa. Ka tanadi ciyawar shifci tun da kaka, kafin a ƙone daji. Wannan aiki na gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan ajin nan suna iya haɗa kai, yau a yi na wannan, gobe a yi na wancan.

Wanda ɗakinsa na kwano ne, ga abin da zai kula. A buga ƙusa a kan tudun kwano, kada a buga a kwarinsa inda ruwa ke bi. A ɗaure katakon rufi da jikin bango da waya mai kauri ko ƙarfen ɗauri, domin iska takan ɗauke kwano da katakonsa gaba ɗaya. Danne kwano da duwatsu ba ya isa, kuma in iska ta yi ƙarfi dutsen yakan fāɗo a kan mutum. Kwano kuma yana yin gumi da dare ya ɗiga, saboda haka kada tarin buhuna ya kai kusa da shi.

Wanda nasa soro ne, ya hau kafin damina ya cike tsaga, ya gyara gangare, ya buɗe indararo. A ƙarƙashin indararo a sa duwatsu, ko a ajiye duro a tari ruwan. Kada ku raina ruwan rufi. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da fāɗin ƙafa 10, in aka yi ruwa inci 2 cikin dare ɗaya, ruwan da ya sauka a kansa ya kai kusan duro uku. In duk wannan ya zuba a gindin bango, ina bango zai tsaya?

8. Hatsin Da Za A Zuba

Rumbu mai kyau ba ya gyara ɗanyen hatsi. Hatsin da aka zuba da sauran laima yakan yi zafi, ya yi fumfuna, ƙwari su yi yawa a cikinsa. Wannan ya fi damun masu masara da shinkafa na wajen Doguwa da Tudun Wada, domin sukan yi girbi ruwa bai gama ɗaukewa ba.

Kada ka shanya a ƙasa tsirara. Shimfiɗa tamfol ko tabarma, ko ka shanya a kan daɓe mai tsabta. Da yamma ka tattara ka rufe saboda raɓa. Masana aikin gona sun ce laimar da ta dace a ajiye masara da ita kada ta wuce kashi 13 cikin 100. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma ga gwaji biyu.

Gwajin haƙori: ciji ƙwaya. In ta fashe da ƙara, ta bushe. In haƙori ya nutse a ciki, da saura.

Gwajin gishiri: sami kwalba busasshiya. Zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka ƙara cokali biyu na busasshen gishiri. Rufe, ka girgiza, ka ajiye kamar minti 15, ka sāke girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, maishe shi rana.

Fumfuna ba abin wasa ba ce. Akwai irin wadda ke fita a masara da gyaɗa, tana da dafi wanda likitoci ke kira afalatoksin. Yana ɓata hanta, yana hana yara girma, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A shekarar 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka mutu saboda cin masarar da aka ajiye da laima. Hatsin da ya yi kore ko baƙi ko yana warin ruɓa, kada a ci, kada a ba dabba, kada kuma a kai kasuwa a cuci wani.

Kafin ka zuba sabon hatsi, share rumbu sarai, ka ƙone sharar. Kada ka zuba sabo a kan tsoho. Dawa da gero sun fi daɗewa in an bar su a zangarniya. Wannan tsohuwar hikima ce, mun san ta tun daga labarin Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'ad da aka yi tanadin shekarun yunwa a Masar.

Wake da masara da aka sussuka kuwa, akwai buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masana na Afirka. Yana da leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Kowanne ɗaure shi ake yi dabam. Iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Duro mai murfi da ke rufuwa gam shi ma haka yake aiki. Amma a tuna, sai busasshen hatsi ake zubawa, kuma ledar da ta huje ta daina aiki. Malamin gona zai nuna muku yadda ake ɗaurewa.

9. Sito Na Haya

Yanzu mutane da yawa sukan kai buhunansu sito a kasuwa, kamar a Kwanar Dangora, ko a Dawanau kusa da birnin Kano, su biya kuɗin ajiya har farashi ya tashi. Wannan ba laifi. Amma kafin ka ba da kayanka, shiga ka duba da idonka.

Dubi bango ko akwai shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Dubi kwano ko akwai huda. Dubi daɓen ko ya fi ƙasar waje tudu. Shinshina, hanci yana gane danshi kafin ido ya gani. Tambayi maƙwabta yadda wurin yake a watan Agusta.

Kada a jera buhu a kan daɓe, ko da na siminti ne. A shimfiɗa katako ko itace a kan bulo, buhu ya tashi daga ƙasa kamar taƙi guda. A bar kamu guda tsakanin buhu da bango, yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. Takin zamani da siminti su ma suna shan danshi su dunƙule, saboda haka haka za a jera su, amma a ɗaki dabam da na abinci. Maganin ƙwari irin na ƙwaya mai fitar da iskar guba, kada a sa shi a ɗakin da ake kwana ko na kusa da shi.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Rubuta sunanka a jikin kowane buhu. Ka karɓi takarda wadda ta nuna yawan buhuna, da irin abin da ke ciki, da ranar da aka kawo, da kuɗin ajiya. Ku yi magana tun farko gaban shaidu: in ruwa ya ɓata kaya saboda rufi ya yoyo, wa zai ɗauki asara? A rubuta amsar. Mai sito kuma ya sani kayan mutane amana ne a hannunsa. In ka gaya masa ya gyara kwanonsa kada ya ji haushi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma kada ka tara dukan abin da ka mallaka a wuri ɗaya. Raba shi biyu ko uku. Irin shuka dai a gida za a ajiye shi, cikin tulu ko gwangwani mai murfi, a wuri mai tsawo.

10. Kayan Ɗaki Da Takardu

Wannan kashi na mata ne musamman, amma maza ma su ji. Adaka da akwatin tufafi kada su zauna a ƙasa ko su jingina da bango. A ɗora su bisa duwatsu ko benci. In rana ta fito bayan marka, a fitar da zannuwa da barguna da katifa a shanya. Kayan lefe da aka rufe wata uku ba a buɗe ba, sau da yawa akan tarar sun yi tabo. Daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da barkono a zuba su a abu mai murfi, a rataye.

Takardu su ne suka fi saurin lalacewa, kuma su ne suka fi wuyar samu: takardar gona, da katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da katin asibiti, da takardun makarantar yara. A sa su cikin leda biyu, a ɗaure, a sa cikin gwangwani mai murfi, a ɗora a sama. Alƙur'ani da littattafai a sa su a gafaka a rataye. Kowane babba a gida ya san inda gwangwanin nan yake, yadda ko cikin duhu za a iya ɗauka.

11. Ranar Hadari Da Bayansa

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, akan kuma faɗi gargaɗin ruwa a rediyo. Ku riƙa saurara. Wanda ya ji ya gaya wa mai unguwa da maƙwabta.

In gabas ta yi baƙi, a kwashe shanya, a rufe bakin rumbu, a rufe ƙofa da taga na ɗakin ajiya gam. Iskar da ta shiga ɗaki ita ce ke ɗaga rufi daga ciki. Kada kowa ya hau rufi ana iska ko ana walƙiya.

In ruwa ya fara shiga gida, a fara da rai: yara, da tsofaffi, da marasa lafiya, sa'an nan dabbobi, sa'an nan takardu da iri. Kada a koma cikin ɗakin ƙasa da ya sha ruwa don ɗauko kaya, domin yakan fāɗi ba zato. Hatsi ana samun wani, rai ba a samun wani.

Da gari ya waye a buɗe rumbu a duba, a sa hannu can ciki. In akwai jiƙa ko zafi, a fitar da hatsin ran nan a shanya, kada a bari ya kwana biyu. A ware wanda ya jiƙe daga busasshe. Wanda ruwan ambaliya ya rufe kuwa, ruwan nan ya gauraya da na masai da kwata, bai dace da ci ba.

12. Aikin Kowane Lokaci

Oktoba zuwa Disamba: share rumbu, busar da hatsi, yanke ciyawar shifci, nome kewayen rumbu saboda gobara.

Janairu zuwa Maris: cike tsaga, yin yaɓe, sāke jinka, buga ƙusar kwano, gina sabon rumbu.

Afrilu: yashe rariya da hanyar ruwa, ɗaure jinka, tanadin tamfol.

Mayu zuwa Satumba: duba ajiya kowane mako da bayan kowane babban ruwa, a kuma lura da inda ruwa ke kwanciya.

Ruwa da iska na Allah ne, ba mai hana su. Gyaran rumbu kuwa namu ne, kuma lokacinsa sananne ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka tara, amin.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu da ke ɓata ajiya a ƙasarmu.
2. Me ya faru a Bagauda a shekarar 1988?
3. Don me ake ɗora rumbu bisa duwatsu?
4. Wane ɓangaren gini ne ya fi shan dūkan ruwa, kuma don me?
5. Yaya ake gwajin gishiri?
6. Me za a rubuta a takardar ajiya ta sito?
7. In ruwa ya shiga gida, me za a fara fitarwa?

Lissafi

1. Ƙanen nan ya zuba dami 60, ya tsamo 25. Dami nawa ya yi asara?
2. Gida yana cin dami 2 kowane mako. Mako nawa dami 24 zai kai su?
3. Wani ya kai buhu 18 sito. Aka jera 6 a kan daɓe suka jiƙe. Nawa suka rage masu kyau?

Shifta

Da rani ake gyaran rumbu. Zan duba jinkata kafin hadari. Zan busar da hatsina kafin in zuba. Zan rubuta sunana a jikin buhuna.

Aikin Gida

Kowa ya zagaya rumbunsa ko ɗakin ajiyarsa a wannan mako. Ya rubuta abu uku da ke bukatar gyara, ya kawo wa malam ranar aji mai zuwa. A ranar za mu tsara gayya, mu fara da gidajen tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu.